Sharhi: Ciyawar da makiyayan Amurka suka tsana ta zama abin nema, sai dai irinta ya yi ƙaranci

Duk wanda ya bi manyan hanyoyin jihohin Nevada ko Utah ko Idaho a watan Agusta, lokacin da rana ta ƙone komai ƙasa ta yi ƙurmus, zai ga wata ciyawa a bakin kwalta tana tsaye kore shar da furanninta masu ruwan ɗorawa, kamar ba a ƙasarta ake fari ba. Tsayinta ba ya wuce gwiwa, idan ta samu wuri mai kyau ta kai ƙugu. Wanda ya taɓa kan furen kuwa zai janye hannunsa da wani farin danƙo mai warin magani, wanda ruwa kaɗai ba ya wanke shi. Amurkawa na kiranta gumweed, wato ciyawa mai danƙo. Masana tsirrai kuma suna ce mata Grindelia.

Shekara da shekaru babu mai ganinta da gashi. Shanu da tumaki ba sa cin ta saboda ɗaci da danƙo, don haka duk makiyayar da aka cinye fiye da ƙima, ciyawa mai kyau ta ƙare, ita ce ke mamaye wurin. Masu garken shanu a yammacin Amurka sun daɗe suna ɗaukarta alamar lalacewar fili, wasu har feshin maganin ciyawa suke yi mata. Ma'aikatan gyaran hanya kuma su bi ta da injin yanka.

Yanzu labarin ya fara sauyawa. Masu gidaje da doka ko tsadar ruwa ta sa suka tone ciyawar ado daga ƙofar gida suna neman abin da za su shuka a madadinta. Hukumomin da ke farfaɗo da dajin da gobara ta cinye suna neman tsirran asali masu jure wahala. Ga kuma masana kimiyya da suka gano cewa danƙon nan da ke ɓata hannu yana iya zama man jirgin sama. Dukansu a wuri ɗaya suke cin karo da matsala: iri. Tara shi da wuya, tsirar da shi sai da dabara, kuma manomin da zai noma shi don sayarwa ba shi da tabbacin samun mai saye.

Asalinta

Mai-danƙo 'yar gida ɗaya ce da shuwaka da tazargade da furen da ake matse mai daga 'ya'yansa, wanda ake cewa yana bin rana. Jinsinta ya ƙunshi nau'o'i da dama, dukansu 'yan asalin nahiyar Amurka ne, daga Kanada har Ajantina. Wani masanin tsirrai Bajamushe, Carl Ludwig Willdenow, shi ya raɗa mata suna a 1807 don girmama David Grindel, masanin harhaɗa magunguna na birnin Riga. Wadda aka fi sani ita ce Grindelia squarrosa, mai lanƙwasassun ganyayyaki kewaye da gindin fure, wadda tawagar Lewis da Clark ta tsinko a gefen kogin Missouri a 1804. Wannan takan yi shekara biyu ne ko ta ɗan zarce kaɗan. Akwai kuma Grindelia camporum ta babban kwarin Kalifoniya, wadda ke daɗewa tana tohowa duk shekara daga tushe ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka danƙon irin ƙaron da muka sani ne, wanda ake jiƙawa ya narke a haɗa tawada. Wannan ba ya narkewa a ruwa. Ya fi kusa da ƙaron hano ko na maje da ake turare da su, kuma wannan bambanci shi ne tushen duk maganar man fetur da za mu zo kanta.

Ƙabilun asali na Amurka sun san amfaninta tun kafin zuwan Turawa. Suna dafa ta a sha don tari da fuka, suna kuma shafa ta a kan ƙurajen da wasu tsirrai masu guba ke jawowa. Daga baya ta shiga kundin magungunan Amurka a ƙarni na 19, kuma har yau hukumar magunguna ta Tarayyar Turai na lissafa ta cikin magungunan gargajiya na tarin mura. Wato dai tsanar da ake yi mata ta masu kiwo ce, ba ta kowa ba.

Kogin da ya gaza

Abin da ya ɗaga darajarta shi ne ruwa. Kogin Colorado na shayar da mutum kusan miliyan 40 a jihohi bakwai na Amurka da arewacin Meziko. An raba ruwansa ne bisa yarjejeniyar 1922, kuma masu rabon sun yi lissafi da shekarun da aka samu ruwa fiye da yadda aka saba. Tun ranar farko ke nan an raba abin da babu shi. Sai kuma fari ya zo. Wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya dogara da zoben da ke cikin kututturen itatuwa, ya nuna cewa shekarun 2000 zuwa 2021 su ne mafi bushewa da kudu maso yammacin Amurka ya gani cikin aƙalla shekara 1,200.

A watan Agustan 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a kogin, karo na farko a tarihi. A Yulin 2022 tafkin Mead, madatsar ruwa mafi girma a ƙasar, ya sauka zuwa kusan kashi 27 cikin 100 na abin da yake iya ɗauka, mafi ƙaranci tun da aka cika shi a shekarun 1930. Birnin Las Vegas na samun kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa daga nan, alhali ruwan saman da yake samu a shekara bai wuce milimita 100 da 'yan kai ba.

A irin waɗannan garuruwa na hamada, fiye da rabin ruwan da gida ke sha na iya tafiya a waje, galibi kan shimfiɗaɗɗiyar ciyawar ado da aka kwaikwayo daga Ingila, ƙasar da ruwan sama ba ya yankewa. Shi ya sa majalisar jihar Nevada ta yi doka a 2021 wadda ta hana amfani da ruwan kogin Colorado wajen shayar da ciyawar da babu mai taka ta, irin ta tsakiyar titi da gaban ofisoshi, daga farkon 2027. Kalifoniya ta bi sahu da tata dokar a 2023, jihar Colorado kuma a 2024 ta hana shimfiɗa sabuwar irin wannan ciyawa a wuraren kasuwanci da na hukuma. Hukumar ruwa ta kudancin Nevada kuwa ta fi shekara 20 tana biyan masu gida kuɗi a kan duk taku na ciyawar da suka tone.

To idan an tone, me za a sa? Da yawa sun zuba tsakuwa ko ciyawar roba, abin da ke ƙara wa gari zafi kuma ba ya ciyar da ko ƙudan zuma ɗaya. Nan ne tsirran asali suka samu shiga. Mai-danƙo ba ita ce gwanar tsakiyar hamadar Las Vegas ba, ta fi jin daɗin wurare kamar Reno da Salt Lake da Denver da kwarin Kalifoniya, inda ake samun sanyin hunturu da ɗan ruwa. Amma a can tana da abin da yawancin furanni ba su da shi: tana fure daga Yuli har Satumba ko Oktoba, lokacin da sauran suka bushe, ƙudan zuma na gida da na daji suka rasa abin tsotsa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ciyawar ado ba ita ce ke shanye kogin ba. Noman rani ne ke ɗaukar kusan kashi uku cikin huɗu na ruwan da mutane ke ɗiba, kuma kaso mafi tsoka a ciki na tafiya ne kan harawar dabbobi, musamman alfalfa. Har wani kamfanin madara na Saudiyya ya yi shekaru yana noma alfalfa a Arizona yana kai wa shanunsa a gida, kafin gwamnar jihar, Katie Hobbs, ta soke hayar wasu filayen gwamnati da yake riƙe da su a 2023. Don haka duk wanda ya ce furen ƙofar gida zai ceci kogin Colorado, ya faɗi son ransa. Abin da zai yi shi ne rage wa birane nauyi, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda ake tsirar da ita

Mutum zai yi zaton abin da ke fitowa da kansa a bakin titi ba zai yi wuyar shukawa ba. Masu lambu da yawa sun sayi ƙunshin irin, suka binne a watan Mayu kamar yadda ake yi wa tumatir, suka yi ta ban-ruwa, shiru kake ji.

Dalili shi ne irin daji ba kamar irin gona ba ne. Masara da wake an yi dubban shekaru ana zaɓen waɗanda ke tsira nan take, har suka manta da jira. Irin mai-danƙo kuwa yana da barci. Yakan faɗo ƙasa a ƙarshen kaka, kuma da zai tsira a lokacin, sanyin hunturu zai iya kashe shi. Don haka da yawansa sai ya sha sanyi da laima na makonni kafin ya farka. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi yadda Allah ya tsara: a shuka a watan Oktoba ko Nuwamba, a bar ƙanƙara da ruwan hunturu su yi aikinsu, a ga tsiro a Maris ko Afrilu. Wanda lokaci ya ƙwace masa yakan gauraya irin da yashi mai laima, ya ƙulle a leda, ya ajiye a firji na wata ɗaya zuwa biyu, sannan ya shuka.

Abu na biyu shi ne zurfi. Irin ƙanana ne ƙwarai, dubban ɗaruruwa ke cika kilo ɗaya, kuma haske na taimaka musu wajen tsira. Ba a binne su. Ana share wurin, a karce ƙasa sama-sama, a watsa, a danna da tafin hannu ko allon katako don su manne da ƙasa. Taki ba dole ba ne. Ƙasa mai tsakuwa, mai yashi, mai yumɓu, har mai ɗan gishiri ko kanwa, duk tana ɗauka. Abin da ba ta so shi ne inuwa da ruwan da ke kwanciya a gindinta.

Akwai wani abin mamaki da masu bincike suka lura da shi tun shekarun 1970. Kan fure ɗaya yana ba da iri kala biyu: na tsakiya da na gefe. Na tsakiya yakan tsira da wuri, na gefe kuma ya yi jinkiri. Dabara ce ta raba ƙafa. Idan ruwan farko ya yaudari waɗanda suka yi gaggawa suka mutu, akwai na baya suna jira a ƙasa. Ga ciyawar wannan riba ce. Ga manomin da ke son gonarsa ta tsira rana ɗaya ta nuna rana ɗaya, ciwon kai ne.

Sannan sai haƙuri. A shekarar farko mai-danƙo ba ta cika nuna komai ba illa 'yan ganyayyaki da ke kwance a ƙasa kamar faifai. Duk ƙarfinta na tafiya ƙasa, tana tura saiwa da ke iya kaiwa kusan mita biyu. A wannan lokaci ne kaɗai take buƙatar a taimaka mata da ruwa jefi-jefi da cire ciyawar da ke neman danne ta. A shekara ta biyu ne take miƙewa ta yi rassa ta yi fure, kuma daga nan ba ta neman kowa. Saiwar nan mai zurfi ita ce kuma dalilin da ya sa ba ta son dashe idan ta girma. Wanda ya rene ta a tukunya sai ya nemi tukunya mai tsayi, ya kuma dasa tun tana ƙarama.

Ko tara irin ma aiki ne. Kawunan ba sa nuna lokaci ɗaya, wani ya bushe yana zubewa wani yana fure. Danƙon yana manne hannu da buhu da kayan aiki, yana haɗe iri da ƙaiƙayi, sai an shanya sosai kafin a iya sheƙewa. Mai ƙaramin lambu ba zai damu ba, jakar takarda ɗaya ta ishe shi. Amma a ɗauka ana son buhu ɗari.

Bayan gobara

Nan ne maganar ta bar ƙofar gida ta koma babban daji. Tsakanin duwatsun Rocky da na Sierra Nevada akwai wani makeken fili mai sanyi da bushewa, wanda wani ɗan itace mai ƙamshi da ake kira sagebrush ya lulluɓe. Ɗan'uwan tazargade ne na kusa, jinsinsu ɗaya. Daruruwan nau'o'in namun daji sun dogara da shi, ciki har da wani tsuntsu dangin fakara da ake fargabar ƙarewarsa. Wani rahoton hukumomin gwamnatin Amurka na 2022 ya ce ana asarar kusan eka miliyan 1.3 na wannan daji mai lafiya duk shekara.

Babbar mai laifin wata baƙuwar ciyawa ce da ta shigo daga nahiyar Turai da Asiya a ƙarshen ƙarni na 19, wadda manoma suka raɗa wa suna cheatgrass, wato macuciya. Takan tsira tun kaka, ta shanye laimar ƙasa kafin tsirran gida su farka, ta zubar da iri, ta bushe tun watan Yuni ta zama kamar auduga a bakin wuta. Da walƙiya ta faɗo ko wani ya yar da guntun taba, sai gobara ta tashi. Sagebrush ba ya tohowa daga tushe bayan ya ƙone, sai ya sake farawa daga iri, kuma hakan na ɗaukar gomman shekaru. Macuciya kuwa shekara mai zuwa ta dawo ta ninka. Wurin da a da yakan daɗe bai ga wuta ba, yanzu yana iya ƙonewa duk bayan 'yan shekaru. A Yulin 2018 gobarar da aka kira Martin ta cinye fiye da eka 400,000 a arewacin Nevada, mafi girma a tarihin jihar. A faɗin ƙasar kuma, a 2015 da 2017 da 2020, kowace shekara wuta ta ci sama da eka miliyan 10.

Bayan kowace gobara akwai 'yan watanni kafin macuciya ta karɓe wurin. A cikinsu ne hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, BLM, wadda ke riƙe da kusan eka miliyan 245, ke rugawa kasuwa neman iri, ta watsa da jirgin sama ko ta shuka da tarakta. Tun shekarun 1930 abin da aka fi dogara da shi shi ne wata ciyawar kiwo da aka kawo daga Rasha da tsakiyar Asiya, saboda arha ce, tana tsira, shanu na ci. Ta riƙe ƙasa kam, amma inda ta kafu ba ta cika barin tsirran gida su dawo ba. An yi maganin baƙuwa da baƙuwa.

Masana irin su Elizabeth Leger ta Jami'ar Nevada da ke Reno sun daɗe suna nuna abu biyu. Na farko, tsirran gida da ake rainawa, masu saurin kama wurin da ya lalace, suna iya zama su ne sojojin gaba da za su yi gogayya da macuciya kafin masu jinkirin girma su iso. Mai-danƙo na cikin masu irin wannan hali, kuma cibiyar gwajin tsirrai ta ma'aikatar noma da ke Aberdeen a jihar Idaho ta yi nazari a kanta. Halin da ya sa makiyayi ya tsane ta, wato son ƙasar da aka wahalar da kuma ƙin ciyuwa, shi ne abin da mai farfaɗo da daji ke nema.

Na biyu, kuma shi ne ya fi dagula lissafi: iri yana da gida. Tsiron da kakanninsa suka rayu a tsaunin Montana mai ƙanƙara ba lallai ya yi ƙarko a busasshen kwarin Nevada ba, ko da sunansu ɗaya. Shi ya sa aka zana taswirar yankunan iri, ana son abin da za a shuka a wuri ya fito daga yanki mai irin yanayinsa. Manomin Arewa da ya taɓa shuka gero mai daɗewa a ƙasar da damina ke gajarta ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Amma ma'anarsa a kasuwa ita ce, ba iri ɗaya ake nema ba, kala-kala ne na kowane tsiro, kowane kuma kasuwarsa ƙarama ce.

A watan Janairun 2023 majalisar masana kimiyya ta ƙasar Amurka ta fitar da rahoto a kan wannan batu, ƙarƙashin jagorancin Susan Harrison ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis. Hukuncin da ta yanke shi ne ƙarancin irin tsirran asali ya zama babban shinge ga aikin farfaɗo da ƙasa. Ba wai babu ƙoƙari ba. Tun 2001 BLM ta kafa shirin tara irin daji tare da rumbun iri na lambun Kew da ke Ingila, inda matasa ke yawo a daji suna tsinka da hannu bisa ƙa'ida: daga tsirrai aƙalla 50, kuma kada a ɗebi fiye da kashi 20 cikin 100 na irin da ya nuna a ranar. Wannan rumbu na Kew shi ne kuma ya yi aiki da ƙauyuka a Nijar da Mali da Burkina Faso wajen tara irin itatuwa da ciyayin gida don shirin Babbar Ganuwar Itatuwa. A 2015 aka fitar da tsarin iri na ƙasa, a 2021 kuma dokar manyan ayyuka ta ware dala miliyan 200 don wannan fanni.

Amma abin da aka tsinko da hannu ɗan kaɗan ne. Sai an kai shi gona an ninka, an sake ninkawa, kafin ya isa a watsa a eka dubu. A nan ne manomi ke shigowa, kuma a nan ne igiyar ke tsinkewa. A ɗauki manomi a Oregon ko Idaho da ke da fili da ruwa. Idan ya shuka alkama, ya san kasuwa ya san farashi, yana da inshora. Idan ya shuka mai-danƙo, shekarar farko babu girbi ko kaɗan, sai kashe kuɗin noma, kuma magungunan kashe ciyawa da yawa ba za su bambance ta da ciyawar da yake son kashewa ba. Shekara ta biyu ya girbe. Idan an yi mummunar gobara a yankin da irinsa ya dace da shi, gwamnati za ta saye duka da tsada. Idan wuta ta yi sauƙi a shekarar, ko ta tashi a wani yanki daban, buhunansa na nan a sito suna rasa ƙarfi. Mai saye mafi girma ɗaya ne, kuma shi kansa bai san abin da zai buƙata ba sai wuta ta mutu.

A ganina wannan shi ne ainihin labarin, ba ƙarancin ilimi ba. Shawarwarin rahoton ma can suka nufa: a riƙa ƙulla yarjejeniya da manoma tun kafin shuka, a faɗaɗa rumbunan ajiya masu sanyi, a daina jiran gobara kafin a shiga kasuwa. Babu wani sabon abu a ciki. Shi ne dai abin da ake faɗa wa kowace gwamnati a kan rumbun tsimi, kuma dalilin da ke hana aiwatarwa ɗaya ne a ko'ina: kuɗin gaggawa na fita da sauƙi, kuɗin tanadi kuwa sai an yi ta roƙo. Rage dubban ma'aikata da gwamnatin Shugaba Donald Trump ta yi a hukumomin gandun daji da filaye a farkon 2025 bai sauƙaƙa lamarin ba.

Mafarkin man jirgi

Ɓangaren da ya fi jan hankalin 'yan jarida shi ne na mai. Danƙon ciyawar cike yake da wani sinadari da aka sa wa suna daga sunanta, mai ɗauke da ƙwayoyin kabon 20, wanda tsarinsa ya yi kusa da na man da jiragen sama ke sha. Tun shekarun 1980 masu bincike a Jami'ar Arizona suka gwada noma nau'in Kalifoniya don samun madadin ƙaron itacen fir da dangoginsa da masana'antun fenti da tawada da takarda ke amfani da shi. A Ajantina ma an yi irin wannan gwaji da nau'in yankin Patagoniya. Daga baya Glenn Miller da Hongfei Lin na Jami'ar Nevada suka farfaɗo da batun da tallafin ma'aikatar noma, suka noma ta a gonar jami'a, suka nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin goma na nauyin busasshiyar ciyawar ɗanyen mai ne da ake iya tatsa a sarrafa. Hujjarsu mai ƙarfi ce: tana buƙatar ruwa kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da alfalfa, kuma ba ta gogayya da abinci kamar masarar da ake mayarwa man mota.

Duk da haka ya kamata a yi taka-tsantsan. Shekara 40 ke nan ana wannan magana, kuma har yanzu mai-danƙo ba ta zama amfanin gonar kasuwa ba. Mu nan mun ga irin wannan da bini-da-zugu wajen 2007 da 2008, lokacin da aka yi ta shelar cewa zai fito a ƙasar da ba ta noma ya ba da man dizal, kamfanoni suka karɓi filaye a sassan Afirka da Indiya, daga baya aka gane cewa rayuwa a busasshiyar ƙasa daban, ba da amfani mai yawa a cikinta daban. Ciyawar da ke jure fari tana jurewa ne ta hanyar rage girma. Idan ana son tan-tan, sai an ba ta ruwa, kuma da an fara ba ta ruwa rabin hujjar ta tafi. Ga kuma rashin matatar da za ta saya, ga farashin ɗanyen mai da ke hawa da sauka. Cikin masu neman ta uku, wannan ne ya fi ƙara, shi ne kuma ya fi nisa da biyan buƙata.

A wajen gidanta

Wani zai ce, tunda tana jure fari haka, me zai hana a kawo ta Sahel? Amsar tana Yukren. Mai-danƙo ta isa kudancin ƙasar wajen tsakiyar ƙarni na 20, ta bi hanyoyin jirgin ƙasa da na mota ta bazu, ta shiga makiyaya, yanzu tana cikin baƙin tsirran da ake kuka da su a can, ta kuma tsallaka Moldoba da Romaniya. Dabbobi ba sa ci, ƙwarin da ke rage ta a gida ba su biyo ta ba. A wasu ƙasashe masu sinadarin seleniyam ma takan tara shi a jikinta har ya zama haɗari ga dabbar da yunwa ta tilasta wa ci. Sudan ta riga ta ɗanɗana irin wannan da itacen Prosopis na nahiyar Amurka, wanda aka shigo da shi a 1917 don tsare hamada, aka wayi gari a 1995 gwamnati na ba da umarnin a kawar da shi. Ƙasar da rayuwar miliyoyin mutane ta rataya a kan kiwo ba ta da abin yi da ciyawar da saniya ke kauce wa.

Ko a cikin Amurka ba a gama sasantawa ba. Filayen da BLM ke son farfaɗowa su ne dai filayen da masu shanu ke haya don kiwo, kuma mai garke da ya ga ana watsa irin abin da mahaifinsa ya yi ta feshewa ba zai yi tafi ba. Masu goyon baya na cewa idan ciyayi masu daɗewa suka kafu, ita da kanta take ja da baya, tunda ba ta iya gogayya a fili mai lafiya. Masu shanu kuma na cewa su ne za su yi asarar kiwo a shekarun jira.

Ƙa'idojin rabon ruwan kogin Colorado da aka amince da su a 2007 wa'adinsu ƙarshen 2026 ne, daidai lokacin da dokar Nevada ke fara cizo, kuma jihohin sama da na ƙasan kogin sun daɗe suna ja-in-ja kan wanda zai ɗauki asara. Manomin da ya yanke shawarar shuka mai-danƙo a watan Oktoban bana ba zai riƙe buhun farko a hannunsa ba sai bayan kusan shekara biyu, kuma a tsakanin nan za a yi lokacin gobara har sau biyu.